Maɗacin Jemimah

Jarka biyu Jemimah ta sauke daga keke napep, ta ja su har gindin ɗan maɗacinta. Tun daga Samaru take ɗauko ruwan nan zuwa Dogarawa, kullum, kafin ta shiga lacca. Tafin hannunta har ya yi kanta.

Ba wai son itace ne ya yi mata yawa ba. Jami'a ta riga ta ba ta gargaɗin ƙarshe: ta sake faɗuwa ko da kwas ɗaya ne, ta tattara kayanta ta koma gida. Shi kuwa Dakta Mordecai, mai koyar da kwas ɗin muhalli, dokarsa ɗaya ce. Kowane ɗalibi zai dasa itace a wani filin Daktan da ke Dogarawa, kuma rabin maki na jikin itacen. Ya kai ƙarshen zango da rai, ka ci. Ya mutu, kai ka sani.

Kuma fa ɗalibai na son mutumin nan. In yana maganar yadda Tafkin Chadi ke ƙafewa, har muryarsa rawa take yi. Ba ya shan ruwan leda. Ko juyen mai ya je yi a garejin Paschal, bakaniken da ke manne da filin, ba ya bari a zubar da baƙin man a ƙasa. A wata jarka ruwan ɗorawa yake tara shi, ya sa a but ɗin motarsa ya tafi da abinsa.

“Ɗigo ɗaya,” yakan ce a aji, “sai ya kashe ƙasa shekara da shekaru.”

Ranar dashe har da Turawa masu ɗaukar nauyin shirin dashen, da kyamarorinsu. Ba wanda ya sha wahalar haƙa, ramukan suna nan a jere, share su kawai aka yi. Allon filin ya koɗe don tsufa, amma babu itace ko ɗaya da ya kai gwiwa.

“Kun gani ko?” Dakta ya ce wa baƙin. “Hamada ce ke tahowa.”

Suka yi ta kaɗa kai. Suka ce muddin wurin na haka, baɗi ma za su dawo.

Da farko komai lafiya. Sai itatuwan suka fara bushewa, layi bayan layi. Na Jemimah ma ya fara yin ja. Ta tsuguna ta tona gindin da hannu, sai yatsunta suka fito baƙi ƙirin, da maiƙo, da wari. Ta ɗaga kai. Ga garejin Paschal can, ƙasarsa baƙa kamar gindin tukunya.

Ba ta tsaya tambaya ba. Hoto ta ɗauka ta watsa a gurup ɗin aji.

Kafin azahar ɗalibai sun cika garejin. Suka ture rumfar kwanon, suka fasa gilashin motocin mutane da ke jiran gyara, suka watsa sifanoni cikin kwata. Wani ya ɗebi baƙin mai ya shafa wa Paschal a fuska, ana ihu ana ɗaukar bidiyo. Jemimah ce a gaba. Muryarta ta fi ta kowa.

Motar Dakta na tsayawa Paschal ya rarrafa ya riƙe ƙafar wandonsa.

“Oga, abeg, ka faɗa musu mana! Kai ka san ba na zubarwa a can. Kai ka sani, Oga!”

Dakta ya janye ƙafarsa, ya kakkaɓe wandon.

“Na sha yi maka gargaɗi, Paschal.”

Shi ke nan. Mai unguwa ya ce Paschal ya tashi. Masu motoci suka kai shi caji ofis. Daga baya an ce an ga matarsa Edith a tashar Sabon Gari da yara da katifa a naɗe. Jemimah ko a jikinta. Ita maɗacinta ne a gabanta.

Ta kwashe baƙar ƙasar tas, ta sayo taki, ta zuba sabuwa. Ta kewaye shi da ƙaya, ta ɗaura masa jan ƙyalle don kada ya ɓace mata. Sauran ɗalibai duk sun haƙura da nasu, ita ta ƙi. Kuma sai ga toho! Kore shar, shi kaɗai a duk filin. Da Dakta ya gani, ya daɗe yana kallonsa.

“Lallai kin yi ƙoƙari,” ya ce. “Litinin zan zo in ba da maki.”

Ranar Lahadi Jemimah ta sa sabon leshi ta tafi coci. Ta fita gaba ta ba da shaida kan tohon maɗacinta, tana kuka, ana tafa mata.

A daidai lokacin wata mota ta tsaya a bakin filin. Ba kowa, garejin ya zama kango. Mutumin da ya fito bai yi dube-dube ba, kai tsaye ya nufi jan ƙyallen. Ya sa takalmi ya ture ƙayar. Sabbin ɗalibai na tafe, Turawa ma na tafe da kyamarorinsu, kuma ba koren ganye ke kawo su ba.

Ya tuntsurar da jarkar ruwan ɗorawan a gindin maɗacin, ya girgiza ta har ɗigon ƙarshe. Abu ɗaya ne kawai ya dami Dakta Mordecai: yanzu da aka kori Paschal, baɗi wa za a ce ya zuba?