'Yar Wasan da Ta Roƙi a Binne Ta

Tunda kin ce barin aikin za ki yi, ɗiyata, kuma sai kin faɗa musu ta cikinki kafin ki fito, zauna tukuna ki ji wani misali. A ƙasar Amurka an yi wata mace 'yar wasan kwaikwayo, tana fitowa a wani shiri mai dogon zango da ake nunawa a talabijin kullum da rana. A cikin shirin ita ce mai gidan abinci a wani ƙaramin gari, bazawara mai 'ya ɗaya, mai faɗa da saurin huce haushi. Shekara da shekaru tana zuba wa mutane shayi a gaban kyamara, har tsofaffi suka riƙa tare ta a kasuwa suna tambayarta lafiyar 'yar tata. Da wata ce, da ta gode wa Allah ta miƙe ƙafa. Ita kuwa zuciyarta ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Da an ce a huta, sai ka gan ta tana safa da marwa a bayan fage, waya a kunne, tana cigiyar wa ke shirya fim, wa aka ɗauka, me ya sa ba ita ba. A ganinta talabijin kududdufi ne, manyan kifaye suna can a finafinan silima. Abinci ba ya mata daɗi, yabo ba ya isarta, ko a fatar bakin wani ta ji an ambaci sunan wata sai ranta ya ɓaci.

Ana nan sai wani mai shirya fim ya yi mata alkawarin babban matsayi. To, su masu wannan sana'a suna da al'ada. In ɗan wasa zai bar shiri, marubuta sukan tambaye shi yadda yake so a fitar da shi daga labarin. Ko dai a ce ya yi tafiya, ko a ce ya ɓata, ko a kashe shi. Shugaban marubutan, wani dattijo da ya ga jiya ya ga yau, ya ba ta shawara a ce mai gidan abincin ta tafi jinyar yayarta a wani gari mai nisa, ƙofa ta zauna a buɗe. Ta ce atafau. Dalilinta na fili shi ne tana son mutuwar da za ta sa ƙasa duka kuka, masu fim su ga iyawarta. Na ɓoye kuwa kishi ne tsagwaronsa, don ta san in aka bar gurbin da rai, wata rana za a ɗaura wa wata zanen aikinta a ce ita ce. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta sa aka rubuta cewa za a nuna gawar a akwati buɗe, kamar yadda suke yi a can, kowa ya gani da idonsa. Ranar ɗaukar wasan ta kwanta a ciki da kwalliyarta, ta riƙe numfashi, abokan aikinta suna wucewa suna hawayen gaske, ita kuwa daɗi kamar ya kashe ta. Aka rufe akwatin, aka zura shi a rami, aka mayar da ƙasa. Mutanen ƙasar suka yi kuka yadda take so, har da masu aiko furanni.

Fim ɗin ya fito, sai ta tarar an yanke yawancin wuraren da ta fito, abin da ya rage ma ba wanda ya damu da shi. Daga nan ta shiga yawo. Yau tana wannan birni ana gwada ta, gobe tana wancan, ta rina gashi, ta rage jiki, ta sauya wakilin da ke nemo mata aiki, ta sauya gida. Duk inda ta je amsar ɗaya ce, wai da zarar ta bayyana mutane marigayiya mai gidan abinci suke gani, hankalinsu ya bar labarin. Ni abin har tausayi yake ba ni, mace da ranta da lafiyarta ana yi mata kallon fatalwa. Da ido ya raina fata, ta haɗiye girman kai ta koma wurin dattijon nan ta roƙe shi ya nemo mata hanyar dawowa. Ya dube ta ya ce, "Baiwar Allah, mun dawo da wanda ruwa ya ci, mun dawo da wanda jirginsa ya ɓata, saboda ba a ga gawarsu ba. Ke kuwa ƙasa duka ta tsaya a bakin kabarinki, kuma ke kika gayyace ta. Me zan ce musu?"

Shirin ya ci gaba abinsa. 'Yar ta gaji gidan abincin, aka rataye hoton uwar a bango da baƙin ƙyalle a gefensa. Kullum da rana hoton yana wurin aiki, mai hoton tana ɗakin haya ta kasa zaune ta kasa tsaye, ta kunna talabijin ta kashe, ta sake kunnawa, tana jiran kiran da ba ya zuwa.

Ban ce kada ki tafi ba, ɗiyata, ƙafarki ce. Amma ki fita da sallama, ki ja musu ƙofa a hankali. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba.