Hoton da Aka Aika wa Hajiya

A falon yayanta da ke College Park, Haidar yana nuna wa Rumasa'u, wadda zai aura, yadda yake gyara hoton wata a kwamfuta. Ƙananan ramukan fatar fuskar matar da dogon gilashin kyamararsa ya kamo suka fito fes. Sai ta hango nata hoton a gefe, wanda ya aika wa mahaifiyarsa a Kano. Tabon ƙunar da ke kuncinta babu shi.

"Haidar, ina tabona?"

Bai ɗago ba. "Kin san Hajiya. So nake ta fara ganinki tukuna."

"Ai ba ni ta gani ba."

Ta gyara mayafinta, ta matso da kujera.

"Aika mata na gaskiyar yanzu, ina kallo. In ta amince, sai a sa rana."