Jinjirin da Ba Ya Kuka

Da Inna ta miƙo masa ɗan ƙanwarsa, sai ya ƙura wa yaron ido.

"Duk Gangara babu jinjiri mai haƙurinsa," in ji ta. "Wata biyu ke nan, ko nono sai an tashe shi yake sha."

Ya dubi ƙanwar tasa. Maƙoƙon da ya bari a wuyanta kamar ƙwan zabo yanzu ya kai dunƙulen hannu.

Shekarun da ya yi a Faransa, ɓeraye ya yi ta kiwo a ɗakin bincike, mutanen garinsu na yi masa dariya. Yakan hana uwar ɓera sinadarin da ke tsare wuya daga maƙoƙo, ya jira ta haihu. Ƴaƴan kan zo da kyan gani, amma umarnin girma da ke cikin ƙwaƙwalwarsu barci yake, kuma in ba a tashe shi da wuri ba, ya tafi ke nan. Su ma shiru suke kwana.

Ga harshen yaron ya leƙo waje, ga cibiya ta tasa. Asibiti yana Damagaram, motar can kuwa sai ranar kasuwa.

Ya zura hannu ƙarƙashin zane, ya mintsini tafin ƙafar yaron da ƙarfi, yana roƙon Allah ya ji tsanyara.

Yaron ya buɗe ido a hankali, ya sake lumshewa.

Inna ta lura, ta tafa hannu tana dariya. "To, ka gani da idonka? Tubarkalla!"