Lallen Tafin Ƙafa

Tun shekarar da gobarar daji ta lashe ƙauyukan gabas aka kafa doka: kafin rani, kowane yaro sai an yi masa lalle, kowane gida da zanen bishiyarsa.

Tasalla ta ja 'yarta Mero zuwa wurin Inna Dije mai lalle. Tun safe garin ke warin hayaƙi.

"Inna, yi mana da jiki, na bar wanki. Tsamiya ce tamu, wadda ta ƙone a ƙofar gida."

Inna Dije ta zana ta tsaf a tafin ƙafar yarinyar, har da 'ya'yanta. Mero ba ta taɓa ganin tsamiya ba.

"Inna, ni a hannu nake so, kowa ya gani," in ji Mero.

"Hannu ba ya saura, 'yar nan. Abin da ke cikin takalmi wuta ke ragewa. Da shi na gane gawar jikana bara."

Tasalla ta hau salati. Iska mai zafi ta kaɗo labule. Ta tuɓe takalminta, ta miƙa ƙafa.

"Zana mini irin nata, Inna. Iri ɗaya sak."