Takardar da Salifu Ya Kwafa

Salifu ya tsayar da taksinsa a bakin titi a garin Louis, inda yake zaman ci-rani, ya miƙa wa Nafisa, budurwar da yake nema da aure, kwafin takardar sabunta katin zamansa ta taga. Da kansa ya cike, babu lauya. Ita kuwa haihuwar nan ce, Faransanci a bakinta yake.

Tana cikin karantawa sai yatsanta ya tsaya.

"Wace ce matar taka? Nan ka cike kana da aure."

Salifu ya ce, "Wallahi ta abokina Abdu na kwafa, layi bayan layi. Shi an ba shi katin, shi ya sa ban canza komai ba."

"Baba sai ya ga takardun nan kafin ya karɓi gaisuwarka. Koma ka gyara."

"In na taɓa, daga farko za a sake. Jibi katina zai mutu, Nafi. Jami'an shige da fice suna iya kora ta daga ƙasar."

Ta daɗe tana kallonsa, shi kuma yana kallon sitiyari. Sai ta buɗe ƙofa ta zauna.

"Tayar da mota mu je ofishinsu, ni zan yi musu bayani. Gara a kore ka kana nawa, da ka zauna kana mijin wata."