Baduku da Mutum na Goma

Kai da ka zo kana gaya mini cewa hankalinka bai kwanta da sabon mutumin da ya shiga ƙungiyarku ba, zauna tukuna in ba ka wani misali, kafin ka je ka aikata abin da za ka dawo kana cizon yatsa.

A wani ƙaramin gari na bakin kogi akwai wasu Yahudawa 'yan ƙalilan. Samarinsu duk sun watse birane neman abinci, har mazan da suka rage suka koma tara, yawancinsu kuma furfura ta riga ta cinye musu kai. To, a addininsu akwai addu'o'in da ba a yi sai maza goma sun hallara wuri ɗaya, ciki har da wadda ɗa yake yi wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa tsawon wata goma sha ɗaya bayan rasuwa. Tara ba sa isa, ko da kuwa taran nan duk malamai ne. A cikinsu akwai wani baduku da tsohuwarsa ta rasu. Wata uku yana zuwa majami'arsu kowace Asabar, yana komawa gida da addu'ar a bakinsa bai sauke ta ba. Abin yana cinsa ƙwarai, don shi kaɗai ta haifa, in bai yi mata ba babu mai yi.

Ana nan sai ga wani baƙo ramamme, mai wasa wuƙaƙe, da dutsen washinsa a kafaɗa. Ya ce shi ma nasu ne, ya faɗi sunan uwarsa da na garinsu. Dattijon da ke jagorantar ibada ya aika da wasiƙa can, amsa ta dawo cewa gaskiya ya faɗa. Asabar ɗin farko da suka cika goma, baduku ya miƙe ya yi addu'arsa yana hawaye, jama'a na amsa masa da amin. Don murna, matan suka ce daga ranar kowane mako gida ɗaya zai kawo abinci a ci bayan ibada. Mutanen da a da ana idarwa kowa ke kama gabansa, sai ga su zaune har rana ta karkata, ana tambayar wa ke kwance ba lafiya, wa rufin ɗakinsa ke yoyo. Wasu wa da ƙane da suka shekara ba sa ga-maciji, a kan faranti ɗaya suka shirya.

Sai dai baduku irin mutanen nan ne da in ka kawo musu takalmi, sai sun juya ƙasansa sun duba kafin su amsa gaisuwarka. Ya fara sa ido. Baƙon nan yana riƙe da littafi amma ba ya juya shafi. Leɓensa ba ya motsi sai an zo wurin amin. In ƙanshin miya ya shigo ta taga, wuyansa sai ya bi. Tun baduku yana riƙe abin a ransa har ya fara raɗa wa wannan, ya raɗa wa wancan: anya ibada ce ta kawo mutumin nan? Dattijon ya ja shi gefe ya ce ya bar maganar, don an ce su tara mutum goma ne, ba a ce su leƙa cikin kowa ba. Ina! Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Wata Asabar ya zauna daura da baƙon wurin cin abinci, ya yi kamar hankalinsa na wani wuri, har ya ga baƙon ya zura gurasa biyu a aljihu. Ga shi kuwa Asabar ranar hutunsu ce, ba a ɗaukar kaya a fita da shi kan titi. Baduku ya yi wuf ya cafke masa hannu, ya zaro gurasar ya ɗaga sama kowa ya gani, kamar wanda ya kama ɓarawon akuya.

Baƙon bai musa ba. Ya ce, "Gaskiyarka, ɗan'uwa. Yunwa ce ta kawo ni, karatu kuma ban iya ba. Amma ka tuna, akwai ranar da ka miƙe don tsohuwarka ban ce amin ba?" Ya goge bakinsa, ya gode wa matar da ta yi girki, ya fita. Washegari ya ɗauki dutsensa ya hau jirgin ruwa, babu wanda ya san inda ya nufa.

Asabar ta zagayo. Su a al'adarsu ba sa ƙirga mutane da lamba, sai su ɗauki wata aya mai kalma goma, kowane mutum kalma ɗaya. Dattijon ya faro daga bakin ƙofa, ya zo kan baduku a kalma ta tara, ya duba babu kowa a gaba da zai ɗauki kalma ta goma. Babu wanda ya zagi baduku, babu wanda ya ce masa ya yi ƙarya, don bai yi ba. Duk abin da ya hango haka yake. Amma saura wata huɗu cikin haƙƙin tsohuwarsa, kuma haka suka ƙare yana zuwa ya zauna yana kallon ƙofa, ba a sake cika goma ba. Ni dai tausayinsa nake ji har yau, don mutum ne mai son uwarsa.

Saboda haka kafin ka je ka tona mutumin naku, ka fara tambayar kanka me za ku rasa in har abin da kake zargi ya tabbata. Hausawa suka ce, zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.