Shafin Rhissa

A wajen Malam Khalidu, rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan wasan yara ne in aka gwada shi da rufe shafin Rhissa na intanet. Haka yake gaya wa duk wanda ya zauna a majalisar shayi, wayoyinsa uku jere a kan tabarma, hula a kafe har gira.

"Ni da na yi shekara ashirin ina shef, shugaban ma'aikata, a ƙarƙashin ƙasa, wai wani inji ne zai share ni daga duniya?"

Rhissa amininsa ne, rana ɗaya suka fara shiga rami. Da aka sallami ma'aikata, shi ya buɗe shafin yana zuba tsofaffin hotuna. Ga maza cikin rawani gaban akwatunan nakiya, ana ta dariya. Ga Khalidu yana barci a benci, ba hula, sanƙo sai ƙyalli. Bara tari ya ɗauke Rhissa, ya tafi da lambar sirrin shafin, ba mai iya ƙara hoto, ba mai iya cirewa.

Akwai bidiyo guda a ciki, Rhissa yana haɗa shayi yana kiran matarsa Dassin. Kowace safiya Dassin takan kunna shi kafin ta ɗora tukunya. Wayar marigayin ta daɗe da lalacewa, muryarsa ba ta rage ko'ina ba sai nan.

Ran Talata ta buɗe, ta tarar da allo fari fat. An kai ƙara wai shafin na masu tada bam ne. Injin da ke duba ƙararraki ya ga rawani, ya ga nakiya, ya rufe.

Khalidu ya fi kowa kumfar baki. Ya rubuta roƙo da Faransanci, ya sake da Hausa. Amsar ɗaya ce, kuma ba ta minti guda take dawowa: hukunci ya tabbata.

Da ya je gaya mata, Dassin ba ta yi kuka ba. Ruwa ta miƙo masa.

"Khalidu, na fara manta yadda yake jan sunana. Ai ka iya kwaikwayonsa, ko?"

Ya cire hular nan, ya dafe kai.

"Dassin, hoto ɗaya tak na so su cire. Na duba jerin dalilansu, babu sanƙo a ciki, shi ne na danna na bam, da wayoyin nan duka uku."